Hanyoyi Biyu A Wuya Ɗaya: Tarihin Yadda Aka Rarrabe Bututun Iska Da Na Abinci

Babu wanda bai taɓa ƙwarewa ba. Mutum yana cikin shan ruwa ko kunu, wani ya faɗi abin dariya, sai tari ya turnuƙe shi, idanunsa su yi ja, na kusa da shi su yi ta yi masa sannu. Bayan minti ɗaya ko biyu abin ya wuce, a koma hira. Ga mai lafiya, ƙwarewa iyakarta ke nan. Amma ga dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko jaririn da ake yi wa ɗura, ko wanda ya suma aka tallafo kansa ana zuba masa ruwa a baki, wannan ɗan kuskuren hanya yana iya zama sanadin rasa rai.

A cikin wuyan ɗan Adam akwai bututu biyu da suke jingine da juna, ɗaya na iska, ɗaya na abinci. A maganar yau da kullum mukan haɗa su, mu ce maƙogwaro ko maƙoshi ba tare da mun tantance ba. Mahauci kuwa ba ya ruɗewa. Idan ya feɗe rago, ya san farin bututun nan mai gurzu-gurzu wanda yake tafiya tare da huhu, ya kuma san jan nan mai laushi wanda yake sauka cikin tumbi. Sai dai masana sun shafe shekaru fiye da dubu biyu kafin su gama fahimtar aikin kowanne, kuma an yi asarar rayuka da dama a kan hanya.

Yadda halittar take

Bututun iska yana gaba. Shi ne abin da mai karatu zai ji da tauri idan ya ɗora yatsa a ƙasan zakaran wuyansa. Tsawonsa a jikin babba santimita 10 zuwa 12 ne, kuma zobba 16 zuwa 20 na guringuntsi ne suke riƙe da shi a buɗe dare da rana. Zobban ba su haɗe ta baya ba, kamar awarwaron da aka bar bakinsa a buɗe. Cikinsa lulluɓe yake da ƙananan gashi waɗanda ido ba ya gani, aikinsu kaɗa majina da ƙura zuwa sama. A cikin ƙirji sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi kowane huhu.

Bututun abinci yana bayansa, kusa da ƙashin baya. Tsawonsa kimanin santimita 25, tsoka ce ba guringuntsi, kuma a lafe yake kamar jakar da ba kome a cikinta sai loma ta zo. Idan ta zo, sai tsokar ta riƙa matsa ta daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda hannu yake tatsar nono. Saboda haka ne doki yake shan ruwa kansa a ƙasa, ruwan ya hau wuyansa ya isa ciki.

Haɗarin yana mararraba. Iska tana shiga ta hanci, ta bi bayan baki, ta gangaro zuwa bututun gaba. Abinci yana shiga ta baki, sai ya tsallake ƙofar bututun iska kafin ya kai na baya. Duk lokacin da mutum ya haɗiya, zakaran wuya yana ɗagawa sama, tantanin da muke fitar da murya da su su rufe, wani ɗan murfi mai siffar ganye da ke gindin harshe ya kwanta a kan ƙofar, numfashi ya ɗan tsaya na kimanin daƙiƙa ɗaya. Wannan murfin daban yake da belin da wanzamai suke cirewa. Beli yana rataye a sama inda kowa yake ganinsa, murfin kuwa yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Gardamar mutanen Girka

A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafa Aflatun ya rubuta cewa huhu yana karɓar iska da abin sha gaba ɗaya. A ganinsa, an halicci huhu da laushi kamar soso domin ya tsotsi ruwa ya sanyaya zuciya idan fushi ya zafafa ta. Mutanen zamaninsa da yawa haka suka ɗauka: abinci mai ƙarfi ya nufi ciki, ruwa ya nufi huhu.

Ɗalibinsa Aristotal, wanda ya feɗe dabbobi iri-iri, ya ƙi yarda. Ya kafa hujja da abin da kowa yake gani. Da zarar ɗan abu ya kuskure ya shiga hanyar iska, sai tari da shaƙewa su biyo baya. Babu wata kafa da ta taso daga huhu zuwa ciki. Idan kuma mutum ya yi amai, ruwan da ya sha daga ciki yake fitowa. Ya kuma bayyana aikin murfin nan da ke gindin harshe. Daga baya likita Erasistratus na birnin Iskandariya ya goyi bayan wannan fahimta.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Wani tsohon littafin likitanci na Girka a kan zuciya ya kawo gwaji: a rina ruwa, a ba dabba mai jin ƙishirwa, a yanka ta tana cikin sha, za a tarar da launin a cikin bututun iskarta. Da alama wuƙar ce ta ɓata gwajin, domin dabbar da ake yankawa tana haɗiya dole ruwa ya kauce hanya. Amma masu karatu sun gamsu. Har Jalinus, babban likitan da aka haifa a shekarar 129 kuma ya yi aiki a birnin Rum, ya tsaya a tsakiya. Ya ce yawancin abin sha ciki yake zuwa, amma ɗan kaɗan yana tsatsafowa ta bangon bututun iska. Jalinus ne ya nuna wa taron jama'a jijiyar da take sarrafa murya, inda ya datse ta a jikin dabba mai ihu, nan take ihun ya ɗauke. Girman sunansa ya sa aka daɗe ana maimaita daidansa da kuskurensa tare.

Malaman Musulunci da wuƙar tiyata

Malaman fiƙihu sun rarrabe bututun biyu tun da wuri, saboda hukuncin yanka. Sun kira na iska hulƙumu, na abinci mari'u. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa, sharaɗi ne a yanke hulƙumu da manyan jijiyoyin jini biyu na gefen wuya. Shafi'iyya kuwa hulƙumu da mari'u suka sharɗanta. Wato almajirin da ya karanta babin yanka a zaure ya riga ya san hanyoyin biyu ne.

Tambayar da ta dami likitoci ita ce: idan maƙogwaro ya kumbura ya toshe daga sama, ko ana iya huda bututun iska daga ƙasa domin majiyyaci ya samu numfashi? Tsofaffin likitocin Girka sun ambaci wannan aiki, amma an ji tsoronsa, saboda an ɗauka guringuntsi ba ya haɗewa idan an yanka shi.

Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ba da labarin wata baiwa da ta soka wa kanta wuƙa a wuya. Da aka kira shi, ya tarar iska tana fita ta raunin, amma jijiyoyin jini ba su yanke ba. Ya ɗinke wurin, ya yi ta jinyarta har ta warke, sai dai ɗan dishewar murya. Daga nan ya yanke hukunci a littafinsa At-Tasrif cewa yankan bututun iska shi kaɗai ba ya kisa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci zura bututun zinariya ko azurfa ta maƙogwaro domin taimakon mai shaƙewa.

Ibn Zuhr na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162, shi ne ya jarraba da hannunsa. Ya huda bututun iskar akuya, ya kula da raunin har ya warke, akuyar ta ci gaba da rayuwarta. Bai tsaya nan ba, ya juya ga ɗaya bututun. A littafinsa At-Taisir ya yi bayanin majiyyatan da haɗiya ta gagara, ya ba da shawarar a zura musu bututun azurfa ta baki a riƙa zuba madara ta ciki. Robar da ake saka wa majiyyaci ta hanci a asibitocinmu yau jikanyar wannan dabara ce.

Jinkirin da ya ci rayuka

A 1543 Andreas Vesalius, malamin ilimin sassan jiki a birnin Padua na Italiya, ya wallafa babban littafinsa mai zane-zane. A ciki ya bayyana yadda ya zura kara a bututun iskar dabbar da aka buɗe wa ƙirji, ya riƙa hurawa, huhu ya cika, zuciyar da ta raunana ta farfaɗo. A 1546 wani likitan Italiya, Antonio Musa Brassavola, ya ba da rahoton huda bututun iskar wani mutum da ƙurji ya toshe wa maƙogwaro, mutumin ya rayu. Amma likitoci sun ci gaba da ɗari-ɗari da aikin har kusan shekara ɗari uku.

Shugaban Amurka na farko, George Washington, yana cikin waɗanda wannan jinkiri ya rutsa da su. A ranar 14 ga Disamba, 1799, ya wayi gari maƙogwaronsa a kumbure, numfashi da haɗiya suna yi masa wuya. An haɗa masa ruwan rake mai kauri da man shanu da khal domin ya sha, saura kaɗan ya shaƙe. An tsaga jijiyarsa sau huɗu, aka zubar da jinin da ya haura lita biyu. Ƙaramin cikin likitoci ukun da suke kansa, Elisha Dick, ya nemi a huda bututun iska, manyan biyu suka ƙi. Ya rasu a daren. Likitoci da yawa a yau suna ganin murfin nan na gindin harshe ne ya kumbura ya toshe masa hanya.

Cutar mashaƙo ce ta tilasta wa likitoci cire tsoro. Cutar tana shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaron yaro har ta rufe hanyar iska. A 1825 Pierre Bretonneau, likita a garin Tours na Faransa, ya huda wuyan wata yarinya mai mashaƙo, ya saka mata bututu, ta rayu. Ɗalibinsa Armand Trousseau ya yaɗa aikin a Faris. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ta sake ɓarkewa a Kano da jihohin da ke maƙwabtaka da ita daga ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Abin da Bretonneau ya nema da wuƙa, yau allura uku ce a sati na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Gani ya kori ji

Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ga ƙofar bututun iska tana aiki a jikin mai rai yadda ya kamata. A 1813 François Magendie na Faransa ya cire wa karnuka murfin, ya ga suna haɗiya ba tare da shaƙewa ba. Wannan ya nuna cewa tsaron ƙofar bai dogara ga murfin kaɗai ba, ɗagawar zakaran wuya da rufewar tantanin murya suna da babban rabo a ciki. A 1854 Manuel García, ɗan Sifaniya mai koyar da waƙa, ya ɗora ƙaramin madubin likitan haƙori a can bayan bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga tantanin muryarsa suna buɗewa suna rufewa.

A 1868 Adolf Kussmaul na birnin Freiburg a Jamus ya nemi taimakon wani mai wasan haɗiye takobi, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe ta hanyar abinci har ciki. A wannan birni kuma, a 1897, Gustav Killian ya zura bututu ta hanyar iska ya ciro guntun ƙashi daga reshen dama na huhun wani manomi. Kafin wannan lokaci, wanda abu ya faɗa wa huhu yakan daɗe yana fama da tari da zazzaɓi, da yawa kuma ba sa tashi.

Chevalier Jackson na Amurka ya ƙware a wannan aiki har ya tara abubuwa 2,374 da ya ciro daga hanyoyin biyu: allurai, maɓallai, kwabbai, ƙusoshi, ƙwayoyin hatsi. Har yau suna ajiye a gidan tarihi na Mütter a Filadelfiya. Ya kuma ga yara da yawa da suka sha soda mai ƙuna, wadda ake haɗa sabulu da ita, bututun abincinsu ya ƙone ya tsuke har ruwa ba ya wucewa. Ya yi ta fafutuka har aka kafa doka a 1927 da ta wajabta rubuta gargaɗin guba a jikin mazubin irin waɗannan kayayyaki.

A 1946 Curtis Mendelson, likitan mata a New York, ya binciki haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin da ke cikinsu ya taso ya shiga huhu lokacin da aka ba su maganin barci. Ya nuna cewa ruwan ciki mai tsami yana ƙona huhu, abinci mai ƙarfi kuma yana toshe numfashi. Wannan ne asalin dokar da ake kafa wa majiyyaci cewa kada ya ci kome kafin tiyata. A 1974 kuma Henry Heimlich ya wallafa dabarar matsa ciki domin fitar da abin da ya toshe hanyar iska.

Abin da ya rage ga iyali

Aristotal ne ya yi daidai: hanyar iska ba ta abin sha ba ce. Tsaron ƙofarta kuma yana aiki ne idan mutum yana cikin hayyacinsa, jijiyoyinsa da tsokokinsa lafiya lau. Likita ba ya nan lokacin da ake ba majiyyaci abinci a gida, don haka wannan sani a hannun masu jinya ya fi amfani.

Wanda ya suma, ko yake jijjiga, ko barci ya rinjaye shi saboda ciwo, kada a zuba masa kome a baki, ko ruwa ne, ko magani, ko rubutu. Niyyar mai kyau ce, amma ƙofar ba ta rufuwa a wannan hali, abin da aka zuba huhu zai nufa. A kwantar da shi a gefensa, a nemi asibiti.

Ɗura tana da irin wannan haɗari. Yaron da aka kwantar, aka toshe masa hanci yana kuka, dole ya ja numfashi ta baki, kokon ya bi iskar. A zaunar da yaro, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Gyaɗa guda-guda da aya da makamantansu ba na yaran da ba su kai shekara huɗu ko biyar ba ne. Idan yaro ya ƙware da gyaɗa, tarin ya lafa, amma ya koma numfashi da ƙara ko zazzaɓi, a kai shi asibiti a faɗa wa likita abin da ya faru, domin ƙwayar takan sauka reshen dama, wanda ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa.

Mai shanyewar ɓarin jiki a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, loma ƙarama, ba tare da jansa da hira ba, kuma ya ci gaba da zama na rabin awa bayan ya gama. Tari lokacin cin abinci, ko muryar da take fita kamar da ruwa a cikinta, ko zazzaɓin da yake dawowa, alamu ne cewa abinci yana kauce hanya, kuma ƙarshensa ciwon nimoniya. Wasu majiyyatan ma ba sa tari ko kaɗan alhali abin yana shiga. Idan likita ya ce a saka robar hanci, kada iyali su ɗauka an yanke ƙauna. Hanya ce ta kai abinci ciki ba tare da ya bi ta mararraba ba, kuma da yawa ana cire musu ita idan haɗiya ta dawo.

Idan abu ya maƙale, a fara duba wace hanya ce. Wanda yake iya magana da numfashi, amma yawu yana zuba, haɗiya ta gagara, bututun abinci ne ya toshe. A daina tura masa tuwo ko ruwa, a kai shi asibiti. Idan ƙaramin batir irin na agogo yaro ya haɗiye, a tafi nan take, domin yana iya ƙona bututun cikin awa biyu. Wanda ya sha soda kada a sa shi amai, a tafi da shi tare da mazubin. Ita kuwa sodar, kada a taɓa ajiye ta a robar ruwan sha ko kwalbar lemo.

Wanda yake tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarinsa. Wanda kuwa ya kasa magana, ya kasa tari, ya riƙe wuyansa, hanyar iskarsa ce ta toshe, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Ruwa ba zai taimake shi ba. A sunkuyar da shi, a buga bayansa tsakanin kafaɗu da tafin hannu sau biyar. Idan abin bai fito ba, a zagayo shi ta baya, a ɗora dunƙulen hannu a saman cibiya, a ja ciki da sama sau biyar, a riƙa sauyawa yayin da wani yake neman taimako. Jaririn da bai kai shekara ba ba a matsa masa ciki. A kifa shi a kan damtse kansa ya ɗan yi ƙasa, a buga bayansa sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau biyar. Kada a cusa yatsa a baki ana laluben abin da ba a gani.

Iyayenmu da suke hana yara surutu a kan kwano sun san abin da suke tsoro, ko da ba su taɓa jin sunan Ibn Zuhr ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.